Buhu Ɗari da Arba'in a Rumbun Shewanta

Dhondewadi, 3 ga Satumba

Ƙanena Madhukar,

Albarka mai yawa daga yayarka. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Nalini da yara. Mu nan da sauƙi, sai gwiwar nan tawa da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu. 'Yata Ujjwala tana makarantar kwana a Nashik, tana gaida kawunta. Gangurde Kaka mai kawo wasiƙu ne yake rubuta mini kamar kullum. Ya ce in gaya maka kunnensa ya ƙara nauyi, amma hannunsa garau yake.

Ba gaisuwa ce ta sa na sayi takarda ba. Ka san sharaɗin da dattawan dangi suka gindaya mini bayan rasuwar baban Ujjwala. Shekara ɗaya suka ba ni. In na noma gonar, na sayar, na sayi iri da taki na shukar gaba kafin bikin fitilu na Diwali ba tare da na miƙa wa kowa hannu ba, gona ta zauna a hannuna. In na gaza, wan mijina Popatrao ya karɓe ta ya dasa inabin nan da ya daɗe yana mafarki.

To, na noma. Albasar bazara mai cika buhu ɗari da arba'in tana rumbun gora tun watan Afrilu. Duk mako sai na shiga na juya ta, na tsince mai laushi, har tafin hannuna ya koma kamar bawon itace. Yanzu farashi sai hawa yake, saboda jiragen ruwa suna ta kwasa zuwa Dubai da Kolombo. Jiya wani dillali ya zo har ƙofar rumbu ya taya. In na sallama masa, zan cika sharaɗin, amma da ƙyar, ko kuɗin gyaran injin rijiya ba zai rage ba. In na jira wata ɗaya, kowa na cewa kuɗin zai ninka.

Popatrao yana tsaye ana cinikin. Ya ce, "Sayar mana! Mace da noma, kuma har da jiran kasuwa? Wa ya koya miki?" Ni kuwa duk abin da mutumin nan ya ce in yi, sai na duba ƙarƙashinsa. Amma a wurin shan shayi ana ta raɗe-raɗin wai mutanen birni sun fara kukan tsadar albasa, gwamnati za ta hana fitar da ita waje. In haka ta faru, ka fi ni sanin abin da zai biyo baya.

Kai ne a ma'aikata, kai ne a inda ake yanke irin wannan magana. Hotonka a bayan tebur yana nan rataye kusa da na Baba. Ka faɗa mini kalma ɗaya, in sayar ko in riƙe? Ba na iya cin abinci.

Yayarka,
Shewanta

Delhi, 10 ga Satumba

Tai Shewanta, babbar yayata, ina taɓa ƙafafunki daga nesa don girmamawa.

Mun samu wasiƙarki. Duk muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura ya warke. Ki riƙa ɗumama man riɗi kina shafa wa gwiwar.

Tai, ki kwantar da hankalinki. Mutanen wurin shan shayi me suka sani game da mulkin ƙasa? Su da ko jarida sai an karanta musu. Bari in yi miki bayani. Zaɓe yana tafe a jiharmu, kuma ba mai hankalin da zai taka wuyan manomi ana saura wata biyu a kaɗa ƙuri'a. Ban da haka, ƙasashen da ke sayen albasarmu sun sha yin ƙorafi cewa yau mu buɗe ƙofa, gobe mu rufe, kamar mai shago mai ciwon kai. In muka sake rufewa, wajen maƙwabta za su koma, kuma wanda ya saba da wani shago ba ya saurin dawowa. Manya sun san da wannan.

Ba da ka nake magana ba. Na karanta takardar da idona a cikin fayil, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa hana fitarwa ba shi da amfani a bana. Ki riƙe kayanki. Ki bar Popatrao ya yi ta surutu, ranar da kika shigo da sabon injin rijiya zai nemi inda zai sa fuskarsa.

Ƙanenki,
Madhukar

Gangurde Kaka, don girmanka ka ja ta gefe ka karanta mata ita kaɗai. Maganar ofis ce, kada kowa ya ji.

Dhondewadi, 18 ga Satumba

Madhukar,

Albarka. Muna lafiya. Man riɗin ya yi amfani kaɗan.

Kai dai shekara goma sha takwas a birni sun sa ka manta garinku. Yaushe aka taɓa karanta wasiƙar Delhi a ɗaki? A dakalin gindin bishiya na gaban haikali ake buɗe ta, kowa ya ajiye abin da yake yi ya zo. Kuma ka san Kaka ba ya leƙa wasiƙar mutum kafin ya karanta, yana yagewa yake farawa daga sama, da muryar nan tasa ta wanda ba ya jin kansa. Sai da ya gama tas, ya juya takarda, ya ɗaga murya ya ce, "Ka ja ta gefe ka karanta mata ita kaɗai, kada kowa ya ji!" Mutum ya fi talatin a wurin. Har mai askin gari ya riƙe ciki don dariya. Gargaɗi ai a sama ake sa shi, mai ilimi.

Kaka ya ce in rubuta cewa ba laifinsa ba ne. Na rubuta.

Yanzu ga inda ake. Gida goma sha ɗaya sun fasa kai kaya kasuwa. Maƙwabciyata Hirabai, wadda har ta ɗaure amalanke, ta sa aka kwance shanu. Ta ce, "Ɗanmu na cikin gwamnati ya yi magana, wa zan saurara kuma, rediyo?" Dillalin nan ya dawo ya ƙara a kan tayinsa na farko, na ce masa ya sha ruwa ya kama hanya. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi ranar. Tun da aka ƙona gawar baban Ujjwala bisa al'adarmu ban taɓa tafiya a garin nan kaina a sama ba sai ranar.

Popatrao bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Diwali saura mako shida." Natsuwarsa ta fi zaginsa tayar mini da hankali.

Ruwa ya dawo, kwana uku ke nan ana yi. Na rufe gefen yamma na rumbun da buhuna, amma ka san albasa ba ta son a toshe mata iska. Ka ci gaba da sa ido, in wani abu ya motsa ka rubuto da wuri.

Shewanta

Dhondewadi, 26 ga Satumba

Madhukar,

Muna raye. Ban san ko wasiƙata ta baya ta iso ba, ban jira amsa ba.

An rufe. Shekaranjiya da safe rediyo ya faɗa, an hana fitar da albasa daga ranar, har sai yadda hali ya yi. Ina tsugune ina gasa gurasar dawa na ji, har ta ƙone a kan kasko ban sani ba.

Na ari tarakta jiya na loda buhu arba'in, na ce ko nawa ne in rage. Muka isa kasuwar gwanjo muka tarar da ƙofa a garƙame. Dillalai sun ce kayansu na can jibge a tashar jiragen ruwa ba mai ɗauka, don haka ba za su sayi ko ƙwaya ɗaya ba sai gwamnati ta janye. Layin amalanke da tarakta ya kai har gada. Wani tsoho ya kwance buhunsa ya zazzage a tsakiyar titi, ya zauna a kai yana kuka. Na dawo da kayana, kuma ka san albasar da ta sha jijjiga a hanya ba ta ƙara zama lafiya.

Ka ce ka gani da idonka. Me ka gani? Mata sun daina yi mini magana a rijiya. Ka rubuto, Madhukar, ko layi biyu ne.

Shewanta

Delhi, 3 ga Oktoba

Tai, ina taɓa ƙafafunki.

Wasiƙunki biyu sun iso rana ɗaya. Muna lafiya a jiki. Tun da na karanta su ban samu sukuni ba.

Abin ya zo wa kowa ba zato. Lissafin ya juya ne daga sama. Nan birni albasa ta yi tsadar da masu abinci suka daina yanka ta a gefen faranti, 'yan adawa suka rataya ta a wuya kamar sarƙa suna yawo a titi, jaridu kullum ita ce a shafin farko. Aka auna aka ga masu saye sun fi masu nomawa yawa, kuma su ne a kusa da kunnen gwamnati. Har ana maganar shigo da wata daga ƙasar waje. Ki ji wannan, Tai. Ranar Asabar na yi awa biyu a layin motar gwamnati mai sayar da albasa don a sayar mini da kilo ɗaya, ƙanana masu baƙin bawo waɗanda ke ko akuya ba za ki ba. Ina tsaye ina tuna rumbunki.

Amma irin wannan doka ba ta daɗewa. Ƙasashen da suka riga suka yi ciniki da mu suna ta aiko da takardun ƙorafi, ƙungiyoyin manoma kuma sun fara tare hanyoyi. Ina jin ba za a wuce mako biyu ba. Ki daure, ki riƙa tsince ruɓaɓɓun kullum. Ki ba su Hirabai haƙuri, ki ce ina bin maganar.

Ƙanenki,
Madhukar

Dhondewadi, 13 ga Oktoba

Madhukar,

Ba ni da lafiyar da zan ba ka labari. Gwiwa ta kumbura, ban kula ta ba.

"Ina jin." Wancan karon ka gani da ido, wannan karon kana ji. Da Kaka ya kai wurin, ba wanda ya yi dariya. Mutane suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna kaɗe zani.

Bari in gaya maka abin da ba a rubutawa a fayil. Albasa ta fara tsiro. In ka shiga rumbun da safe sai ka ga koren kai ya leƙo ta tsakanin gora, ƙasa kuma ruwa baƙi yana ɗiga. Warin ya kai har hanya, yara suna toshe hanci in za su wuce. Kullum sai na fitar da kwando shida, bakwai, in zuba a rami. Ina tsincewa ina gane su, wannan daga kunyar bakin rijiya take, wannan daga wajen bishiyar mangwaro. Ni na dasa su ɗaya-ɗaya a tsugune, wata biyu bayan mutuwar mijina.

An buɗe kasuwa ranar Litinin da ta wuce. Na kai abin da ya rage mai kyau. Mai gwanjon ya tsoma hannu a tsibin, ya matsa guda ɗaya, ya faɗi farashin da har na ɗauka da wanda ke bayana yake magana. Da aka cire kuɗin tarakta da na masu dako, abin da ya rage a gefen zanina na ƙulle shi, ƙullin bai kai girman lemon tsami ba. Ba zai sayi rabin iri ba, balle taki.

Hirabai ta zo har gida. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Shewanta, ke kika ce mu riƙe." Na ce ba ni ba ce, takarda ce. Ta ce, "Takardar gidan wa?" Ita ma nata rumbun haka yake ɗiga.

Popatrao ya kira dattawa ranar Alhamis, ashirin da uku ga wata. Abin da yake yawo yana faɗa shi ne mace ce ta ga kuɗi ido ya rufe, ta ƙi ciniki mai kyau har sau biyu, ta kuma ja gari ta jefa a rami. Ɗaya daga cikin dattawan ya aiko mini a ɓoye cewa in da za a nuna ba son zuciyata ba ne, shawara ce daga sama wadda kowa zai iya bi, zai nemi a ƙara mini shekara guda.

Don haka ga roƙona. Ka aiko da takarda mai hatimin ofishinku, ka ce kai ka ba ni umarni, kuma gwamnati ce ta canja magana daga baya. Mutum mai tebur irinka wannan ba komai ba ne a wurinsa. Ni na goye ka zuwa makaranta lokacin da rafi ya cika, ban taɓa tuna maka ba sai yau. Gonar nan ita ce abin da zan bar wa Ujjwala. Ina jin tsoro, Madhukar, tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da aka shigo da gawar mijina.

Shewanta

Delhi, 18 ga Oktoba

Gangurde Kaka, wannan karon a sama na sa. Ka kai wasiƙar nan gindin bishiya, ka kira Popatrao da dattawa da Hirabai, ka karanta da iyakar muryarka.

Tai, ina taɓa ƙafafunki, in har za ki bari. Muna lafiya, kuma ina jin kunyar faɗin haka.

Ba ni da hatimi. Ba ni da tebur. Teburin da ke cikin hoton na maigidana ne, na zauna a kai ya fita cin abinci, mai share ofis ya ɗauke ni. Aikina benci ne a bakin ƙofa. In an buga ƙararrawa in tashi, in ɗauki fayil daga wannan ɗaki in kai wancan, in kawo ruwa, in kawo shayi. Na faɗi jarrabawar zama akawu sau uku. Da Baba ya fara gaya wa mutane ɗansa ya zama babba a Delhi, na kasa gyara masa, da ya rasu kuma na kasa gyara wa kaina.

Takardar da na ce na gani, na gan ta. A kan matakala na buɗe fayil ɗin na karanta shafi ɗaya a tsaye. Ra'ayin ma'aikaci guda ne, kuma na fi kowa sanin cewa fayil sai ya hau tebur huɗu ko biyar bayan wannan, kowa ya rubuta nasa, na ƙarshe shi ne magana. Na sani sarai. Amma yayata ta tambaye ni abu a karo na farko a rayuwarta, na kasa cewa ban sani ba. Sauran bayanin zaɓe da ƙasashen waje duk a bakin direbobi na tsinta, a wurin shan shayinmu na nan, wanda bai fi naku da komai ba.

Dattawa, ku ji. Shewanta ba ta yi haɗama ba. Ta tambayi wanda duk garin ya ɗauka masani ne, kamar yadda kowannenku zai yi, shi kuma ya yi mata ƙarya. Ta noma buhu ɗari da arba'in ita kaɗai a shekarar takaba. Wanda ya ruɓar da su yana nan Delhi a kan benci. Ku cire hotona ku jefa a ramin albasar, amma ku bar mata gonarta. Hirabai, da sauran gidaje goma, ba ni da bakin ba ku haƙuri.

Madhukar

Dhondewadi, 27 ga Oktoba

Ƙanena,

Albarka. Ina fatan yara suna lafiya. Kumburin gwiwa ya sace kaɗan. Ujjwala ta zo hutun Diwali, mun kunna fitila biyu a bakin ƙofa don kada a ce gidan ba kowa.

Dattawa sun zauna ranar Alhamis kamar yadda aka sa. Na jira Kaka a bakin hanya tun safe, ya zo ya buɗe mini jakarsa da kansa don in gani, babu komai. Zaman bai kai awa ɗaya ba. Popatrao ya yi magana, aka tambaye ni ko ina da abin nunawa, na ce babu. Aka ba shi gonar.

Wasiƙarka ta iso ranar Asabar. Kaka ya yage ta a tsakar gidana, ya karanta layin farko, ya juya zai nufi gindin bishiya. Na riƙe masa jaka. Na shigar da shi ɗaki, na rufe ƙofa da taga, na ce ya karanta a hankali. Shekara talatin yana aikin nan, ya ce bai taɓa karanta wasiƙa a ɗaki ba. Da ya gama ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Sai ya juya ambulan ya nuna mini wani abu, ka san shi da aikinsa. Ya ce ka rubuta ranar goma sha takwas, amma hatimin gidan wayar Delhi na ashirin da ɗaya ne. Kwana uku tana aljihunka. Da ka jefa ta ranar da ka rubuta, da ta same ni kafin zaman. Ban tambaye ka dalili ba, kada ka rubuto mini shi. Na yi fushi, na yi kuka, na zage ka da sunan da Inna take kiranka in ka yi ɓarna. Har yanzu ban huce ba, kuma ban san ranar da zan huce ba.

Ba za a karanta ta a gindin bishiya ba. Magana ta riga ta ƙare, dattawa ba sa zama sau biyu a kan abu ɗaya. In aka karanta, gona ba za ta dawo ba, albasar Hirabai ba za ta tashi daga rami ba, sai dai a ƙara mana abin dariya, Ujjwala ta rasa kawun da take faɗa a makaranta. Na sa ta a murhu. Kaka ya yi rantsuwa ba zai faɗa wa kowa ba, kuma shi ke rubuta wannan, ya ji ni.

Jiya rediyo ya ce wai ana duba yiwuwar buɗe ƙofa bayan zaɓe. Na kashe shi.

Popatrao ya fara aikin inabinsa. Yana neman masu haƙa ramukan da za a kafa turaku, ana biya a kan kowane rami. Na je na sa sunana. Ya kasa kallona, ya ce, "Ke kuma? Ai ba sai kin yi haka ba." Na ce masa iri dai ban saya ba, amma hatsi sai na saya. Gobe da sassafe za mu fara daga gefen rijiya. Kada ka damu, zan fi sauran matan samu. Duk cikinsu ni kaɗai na san inda duwatsu suke a gonar.

Yayarka,
Shewanta